Baƙin rami da mai masaukinsa: binciken da na yi a Samaru

A shekarata ta ƙarshe a sashen Fiziks na Jami'ar Ahmadu Bello, na ɗauki bincike a kan manyan baƙaƙen ramukan da ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira galaksi. Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja, wanda ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Madubin hangen sama ban da shi. Kwamfuta ce jarina, sai alƙaluman da masana suka riga suka wallafa.

Da na fara, na ɗauka baƙin ramin shi ne sarki, yana riƙe da dukan taurari yadda rana ke riƙe da duniya. Lissafi ya ƙaryata ni. Wanda ke tsakiyar galaksinmu, Sagittarius A*, nauyinsa ya kai na rana miliyan 4, alhali taurarin galaksin sun haura biliyan 100. Na kusa da shi kaɗai yake iya juyawa, irin su tauraruwar S2 da ke kewaya shi cikin shekara 16, wadda Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka bi diddiginta har aka ba su kyautar Nobel a 2020.

Ga abin da ya hana ni barci. A 2000 aka gano cewa nauyin ramin yana tafiya tare da saurin kai-komon taurarin da ke cikin dunƙulen tsakiyar galaksi. In saurin ya ninka biyu, nauyin ramin kan ninka wajen sau 16 zuwa 32. To yawancin taurarin nan sun yi nisa da inda jansa ke da tasiri! Yaya aka yi girman baƙo ya dace da na mai masauki? Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na abinci: iskar gas da ke gangarawa ramin takan yi tsananin zafi, ta feso da ƙarfi, kamar feshin da ake gani a galaksin M87, ta kori ragowar gas ɗin da zai haifi sababbin taurari. Sai ramin da galaksin su rasa ci lokaci guda.

Zanena na farko, inda kowane ɗigo ke nuna nauyin rami da na galaksinsa, ya watse kamar an zubar da gero, domin na yi amfani da nauyin galaksi ɗungurungum maimakon na dunƙulen tsakiya. Mako biyu na yi ina gyara. Da ɗigogin suka hau layi, sai galaksin M33 ta ƙi samun gurbi, na ce zan cire ta.

"Kada ka goge ta," in ji malamina. "Me ka sani game da tsakiyarta?"

"Malam, ban duba ba."

"To je ka duba."

Ashe M33 kusan ba ta da dunƙulen tsakiya, kuma ba a samu babban rami a cikinta ba. Na ware mata shafi biyu, kuma ranar kare aikin a kanta aka fara yi mini tambaya.