Yini guda a gonakin 'yan Amish

Ranar Asabar muka kwashi yara zuwa Lancaster ta jihar Pennsylvania a Amurka, wajen 'yan Amish, wasu Kiristoci manoma masu guje wa yawancin kayan zamani. Keken doki muka hau, wani dattijo mai dogon gemu, ba gashin baki, riƙe da linzami. Gidajen 'yan Amish ɗin ba a ja musu wutar lantarki ba, ga alfadarai na jan garma.

Abin da ya tsaya mini a rai wata rumfa ce a bakin hanya: ƙwai, zuma da burodi a jere, babu mai tsaro, sai ɗan akwatin zuba kuɗi. Autata ta ce, "Baba, ina mai kayan?" Na ce amana ya bar mana. Da hannunta ta jefa kuɗin zumar.

Da la'asar muka hau jirgin ƙasa mai hayaƙi a Strasburg, wani gari kusa da Lancaster.