Godiya Bayan Kare Kundina a Kan Wilfred Owen

Alhamdulillahi. Jiya Laraba na kare kundin digirina na biyu a fannin adabin Ingilishi, kuma kwamitin jarrabawa ya amince da aikin, sai 'yan gyare-gyare da suka rage. Kiran waya da saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi kowa in amsa, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a nan.

Bayan Allah, sai Malam mai duba aikina. Shi ya hana ni sauya batu lokacin da ake ta tambayata me zan tsinta a waƙoƙin wani sojan Ingila da ya rasu fiye da shekara 100. Ya ce in ajiye littattafan sharhi tukuna, in karanta wasiƙun da Owen ya rubuta wa mahaifiyarsa Susan, waɗanda suka haura 500. A cikinsu na san mutumin. An haife shi a garin Oswestry na Ingila a 1893, yana koyar da Turanci a Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kuma bai shiga soja ba sai a watan Oktoba na 1915. A Janairun 1917 ya ba mahaifiyarsa labarin awa 50 da ya yi da yaransa a wani ramin ɓuya da ruwa ya cika har gwiwa, ana yi musu luguden wuta, inda mai gadinsu ɗaya ya makance. Wanda ya karanta wannan wasiƙa ba zai sake ɗaukar waƙoƙinsa a matsayin gwanintar harshe kawai ba. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ina kuma godiya ga Antina, likitar ƙwaƙwalwa, wadda ta zauna da ni a kan babi na uku duk da yawan aikinta. Ita ta fahimtar da ni ciwon da ya sa aka kai Owen asibitin Craiglockhart a Edinburgh a watan Yunin 1917: firgita cikin barci, in'ina, rawar jiki, abin da mutanen lokacin da yawa suke kira ragwanta. Likitansa Arthur Brock yana ganin maganin shi ne aiki, don haka ya ƙarfafa masa ya riƙa rubutu, har ya zama editan mujallar asibitin. A can ya haɗu da Siegfried Sassoon, mawaƙi kuma hafsan soja da aka kawo bayan ya fito fili ya soki ci gaba da yaƙin. Har yau ana ganin gyaran da Sassoon ya yi da hannunsa a kan takardun Owen, kuma na gode wa abokin karatuna da ya nuna mini yadda zan samu hotunansu a intanet. A ganina, watannin nan na jinya su ne suka mai da shi mawaƙin da ake karantawa yau.

Mai jarrabawa daga waje ya yi mini tambayar da ta fi kowace nauyi: in har Owen ya tsani yaƙi haka, me ya mayar da shi fagen daga a 1918? Na amsa da abin da shi kansa ya rubuta wa mahaifiyarsa, cewa ya koma ne don ya jagoranci yaran nan gwargwadon iyawarsa, ya kuma ga wahalarsu da idonsa don ya faɗa a madadinsu. Ya samu lambar jarumta saboda gumurzun Joncourt a Faransa a watan Oktoba. Ranar 4 ga Nuwamba aka kashe shi wajen ƙetare mashigin ruwa na Sambre-Oise, yana da shekara 25, saura mako ɗaya a tsagaita wuta. Saƙon mutuwarsa ya isa gidansu a Shrewsbury ranar 11 ga wata, gari na ta murnar ƙarewar yaƙi. Waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye. Sai a 1920 Sassoon da marubuciya Edith Sitwell suka fitar da tarin farko. Farfesa, na gode da tambayar, kuma zan faɗaɗa amsar a babin ƙarshe kamar yadda ka nema.

Hajiya, addu'arki ce ta riƙe ni, Allah ya bar mana ke. Yaya, kuɗin makaranta da na buga takardu duk daga aljihunka suka fito, ba ka taɓa goranta mini ba. Uwargida ta yi haƙuri da dare bayan dare da na raba a kan kwamfuta. Ma'aikatan ɗakin karatu, da ƙanena da ya buga mini aikin ya kuma ɗinke shi a kan lokaci, da 'yan ajinmu da suka cika zauren jiya, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Waɗanda suka nemi in turo musu kundin su ɗan dakata har in kammala gyara in miƙa wa sashe. Da zarar an sa hannu zan aika wa kowa, in Allah ya yarda.