Asabar, ni da Yaya a wurin mai fulawa

Tun da aka gama liƙa tayil a tafkin iyon gidansu na Gwarinpa Yaya take damuna da maganar shinge. Yau dai na raka ta wurin masu sayar da shuke-shuke na bakin titi. So take a jera abin da zai yi duhu ya kare idon maƙwabta masu bene, kuma ya riƙa ba da 'ya'yan da yara za su tsinka su ci.

Mai fulawar yana ganinmu ya jawo yalo bush, shukar nan mai ganye ruwan ɗorawa da ake shinge da ita. "Hajiya, wannan kowa ke sawa a Abuja, ba ya mutuwa." Na nuna masa 'yan ƙananan 'ya'yan nan masu ruwan lemo da ke reto a jiki, na ce, "Malam, waɗannan fa?" Wai ado ne kawai. Ado, a gidan da Auta ke kai duk abin da ya tsinta baki! Guba ne. Mu da muka tashi ana ja mana kunne a kan 'ya'yan bini-da-zugu ai ba za a yi mana wannan ba.

Daga nan muka shiga tankaɗe da rairaya. Gwaiba nake so har raina, amma in ta nuna zubowa take ta fashe, ƙafa mai lema ta taka a zame, ga jemagu da tsuntsaye da kashinsu a ruwa. Rumman yana da ƙaya, kuma yana kakkaɓe ganye in rani ya yi, matatar tafkin ta toshe. Ruwan kashu ba ya fita daga tawul. Mangwaro kuwa ba a ma fara ba, girmansa da saiwarsa sun fi ƙarfin wurin da bututu ke binne.

Mun tsaya a kan lemun tsami ɗan aure, marar ƙwallon nan, don ƙayarsa kaɗan ce, ganyensa kore shekara duka, 'ya'yan kuma suna jira a cire su. Na ce a ja shi kamar mita 3 daga bakin ruwa saboda ƙudan zuma lokacin fure, kuma kada a riƙa juye masa ruwan kulorin in an wanke tafkin.

A mota ne na ce, "Yaya, shinge fa ba ƙofa ba ne. Yaro zai kutsa ta tsakanin itatuwa." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai komai sai kin hango masifa." Ban tanka ba har Jabi. Abin ya tsaya min a rai, don ni na ga yadda Auta ke tsere wa mai raino da rarrafe, kuma yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu.

Rana ta yi zafi sosai. Tuwon dare bai shiga ba.

Gobe bayan azahar zan kira Baban su Auta da kaina, mu yi maganar shingen ƙarfe da ƙofa mai sakata a sama, ko da Yaya za ta yi fushi.