Injin Peugeot 504 da Hikimar Silindar da Ake Zarewa

Injin fetur da ke cikin 504 ba da ita aka fara shi ba. Asalinsa injin da ake kira XC ne, mai girman cc 1,618, wanda kamfanin Peugeot na Faransa ya saka a motar 404 a shekarar 1960. Da 504 ta fito a 1968 sai aka ƙara masa tsawon tafiyar fistin ya koma XM mai cc 1,796, sannan a 1970 aka faɗaɗa bakin silinda zuwa milimita 88, aka samu XN mai cc 1,971. Wannan na ƙarshe shi ne bakanikenmu ya fi sani, domin da shi motoci da yawa suka fito daga masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa mota a 1975.

Duk wanda ya buɗe bonet zai lura injin a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 don gaban motar ya yi ƙasa. Kamshaf ɗinsa, wato ƙarfen da ke sa bawul buɗewa da rufewa, a cikin bulok (gangar jikin injin) yake, sarƙa ce ke juya shi, dogayen sanduna kuma su tura bawul. Tsohon tsari ne ko a lokacinsa, ƙarfin samfurin da ke da kafireta ma bai kai doki 100 ba.

Inda masu ƙirar suka yi tunani, a ganina, shi ne silindar. Ba a huda ta a jikin bulok ba. Kowacce bututu ce mai zaman kanta da ake zurawa, ruwan lagireto yana kewaya ta kai tsaye. Idan ta cinye, babu buƙatar ɗaukar bulok zuwa wurin masu gurza ƙarfe, sai a zare ta a saka sabuwa da fistin ɗinta, aikin da ake gamawa a garejin bakin titi. Wannan ne ya sa motar haya ɗaya take shekara ashirin a hanya da bulok ɗinta na asali.

Sai dai tsarin ba ya yafe ganganci. Dole bakin kowace silinda ya ɗan fi saman bulok tsawo daidai gwargwado, in ba haka ba gasket, abin da ke toshe tsakanin bulok da kan injin, ba zai kama ba. Idan kuma bakanike ya cire kan injin, ya juya karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, ba tare da ya danne silindojin ba, sukan motsa, abin toshewar da ke gindinsu ya saki, bayan kwana kaɗan mai mota ya zaro sandar auna baƙin mai ya tarar ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Kan injin kuwa na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.