Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Motar da Kamfaninta Ya Mutu

Makon jiya na tsaya a inda cinikin wake da riɗi ya fara kai ni kasuwannin ƙauye, daga Mirya har gefen Tanut. Ƙaramar motata ba ta iya rairayin hanyoyin nan, dole sai kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu. A Damagaram kuwa in aka ce kat-kat, Toyota ake nufi, Hilux ko Prado ko Land Cruiser, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin.

Wani dillali da ke kawo motoci daga Kwatano ya nuna mini Hummer H3 ƙirar 2007, baƙa wuluk, kuɗinta bai kai rabin na Prado ba. Kawuna da ya ji labari sai ya aika a kira ni.

"Kai yaro, motar da masu ita suka rufe shago za ka saya? In ta kwanta, wa za ka kai wa kuka?"

Na ce, "Kawu, ku yi mini addu'a, ba zan biya ba sai makanike ya duba."

Maganar Kawu tana kan hanya. General Motors na Amurka ya karye a 2009, ya nemi sayar da Hummer ga wani kamfanin China, cinikin ya wargaje, aka daina ƙera ta a 2010. Arahar ke nan.

Makanikena, dattijon da ya yi shekaru yana aiki a Kano kafin ya dawo gida, ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya daɗe. Da ya fito yana goge hannu da tsumma sai ya ce, "Alhaji, sunan ne ya mutu, dangi suna nan." Ya bayyana mini cewa H3 a kan ƙashin Chevrolet Colorado aka gina ta, injinta mai silinda biyar, lita 3.7, shi ne na Colorado da GMC Canyon, giyarta ta otomatik kuma tana cikin motocin General Motors da yawa. Ya ce in na je neman kaya kada in ambaci Hummer da farko, in ce Colorado, in riƙe lambar shasi a wayata. Wannan bayanin ne ya sa na biya, kuma har yau ina ganin duk mai son irin wannan mota, tambayar da zai fara yi ita ce: da wace mota mai rai take raba inji da giya?

Kan tafiya ban da abin cewa. Tana ratsa yashi ba gardama, buhunan samfur a baya, yara biyu na aiki a ciki. Mai ne dai take sha ba tausayi, har ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a bakin hanyar Matamai suka san ta, suna hango ta za su fara ɗago kwalabe. Filta da kayan birki da su bel, in babu a nan, waya ɗaya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, direban haya ya taho da su ta Kongolam.

Inda dangin ba su da amfani shi ne jikin motar. Wata ranar kasuwa, babbar mota ta wuce ni ta harbo tsakuwa, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Gilashin H3 gajere ne, kusan a miƙe yake tsaye, ba na wata mota da ke hawa wurinsa. Kano babu. Aka tambaya Ladipo a Legas, aka ce a jira kwantena. Haka motar ta zauna a zaure an lulluɓe ta da tampol, kaka tana wucewa, ni kuma ina bin motocin haya da awo a hannu, abokan ciniki suna riga ni isa kasuwa. Da gilashin ya iso an naɗe shi cikin katifa, na sa aka sayo mini har da fitilun gaba da madubin gefe na wata da ta yi hatsari, na ajiye a ɗaki.

Kawu ya zo ganin ranar da aka ɗora gilashin. Ya zagaya motar da sandarsa, ya ce in kai shi Gure ɗaurin aure ranar Juma'a. Abin da ya same mu a wannan tafiya, da yadda na haɗu da mutumin da ya shigar da ni harkar albasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.