Hoton asibiti: ba mai tsada ne kaɗai ke nuna ciwo ba

A tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba akwai wani ra'ayi da na sha ji, wai idan likita bai tura mutum MRI, wato na'urar nan mai tsada ta ɗaukar hoton cikin jiki, ba, to bai ɗauki ciwonsa da muhimmanci ba. Ban yarda da wannan ba, domin kowace na'ura da abin da take gani.

MRI tana aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfi, ba ta jefa wa jiki haskoki masu illa, kuma ta fi kowacce fito da ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Sai dai majinyaci zai kwanta cikin ramin na'urar mai ƙara na tsawon lokaci ba tare da motsi ba, bayan an raba shi da agogo da makulli da duk wani ƙarfe. Wanda ya yi haɗari a titin Ikorodu kuwa, ana zargin jini ya taru a kansa, CT, wata na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da hasken X-ray, ita ce ta dace da shi, saboda cikin 'yan mintuna take ba da amsa.

Ci gaban da ya fi burge ni yana wajen hoton ƙirji na X-ray da aka daɗe ana yi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton domin gano alamun tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. A gari mai cunkoso irin Legas, inda ƙwararrun masu karanta hoto suka yi ƙaranci, wannan yana rage jira, ko da yake dole ne a tabbatar da cutar ta hanyar gwajin majina.