Ɗan gida muke so ko mai cin wasa?

Ranar Lahadi da hantsi maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, waya a hannu, fuska a murtuke, har na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe kocin jami'ar garinmu aka sallama. Maƙwabcin nawa dattijo ne da ya ba saba'in baya. A wannan jami'a ya yi karatu, a nan ya haɗu da matarsa, kujerarsa ta filin wasa kuwa tun kafin in tako Amurka yake biyan kuɗinta duk shekara. Ko zama bai yi ba ya ce, “Maƙwabci, wannan karon ɗan gida za su kawo mana. In ba haka ba na daina sayen tikiti.” Na san ba zai daina ba, shi ma ya sani.

Ga wanda bai saba ba, ƙwallon Amurka nake nufi, mai siffar ƙwai ɗin nan da ake runguma a sheƙa da gudu, 'yan wasa sanye da kwalkwali. Kuma ta jami'o'i, ta ɗalibai. Kada kalmar ɗalibai ta ruɗe ka. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'a albashi, har gwamna. Da ƙarshen Nuwamba, lokacin da wasanni ke ƙarewa, sai a shiga kakar sallama da ɗauka. Rediyo ba ta da wani zance. Akwai magoya bayan da aikinsu ke nan, bin sawun ƙananan jiragen sama a intanet: sun ga jirgin wani attajiri ya tashi daga garinmu ya sauka wani gari, to shi ke nan, kocin garin nan ake zawarci. Jikan maƙwabcina yana cikinsu. Sau biyu yana kawo mana labari mai zafi, daga baya a gano attajirin hutu ya tafi.

Da dattijon ya ce ɗan gida, abin da yake nufi shi ne wanda ya taɓa sa rigar jami'ar yana ɗalibi, ko ya yi mataimaki a nan, wanda ya san waƙar da ake rerawa bayan wasa, ya san wace jami'a ce ba a yafe wa koci in ta doke shi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi, ko da yake ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba.

Na ce masa, “Dattijo, ka tuna Nebraska?” Nan take ya ɓata rai, don ya san inda na dosa. Scott Frost ɗan jihar Nebraska ne, shi ya ja ragamar 'yan wasan jami'ar a 1997 da suka ci kambun ƙasa. A ƙarshen 2017 aka dawo da shi gida a matsayin koci daga UCF, wata jami'a a jihar Florida, inda ƙungiyarsa ta gama kaka ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ba a taɓa samun ɗan gida da ya cika sharuɗɗa kamarsa ba. Da aka sallame shi a Satumbar 2022, bayan Georgia Southern ta doke su a gida, wasa 16 ya ci, an ci shi 31. Aka biya shi dala miliyan 15 kuɗin sallama, alhali da an yi haƙuri zuwa 1 ga Oktoba da kuɗin ya ragu da rabi. Haƙurin mako uku ya gagara.

Ban tsaya nan ba, na kawo masa Michigan, don can ne aka fi tsarkake wannan aƙida. A 1989 Bo Schembechler, wanda a lokacin yake kocin ƙwallon Michigan kuma daraktan wasanninta, ya cire kocin ƙwallon kwando ana gab da babbar gasa saboda ya karɓi aiki a Arizona State, ya ce mutumin Michigan ne zai horar da Michigan. Maganar ta zama kamar doka. Abin dariyar shi ne, shi kansa Schembechler haifaffen Ohio ne, kuma a ƙarƙashin Woody Hayes ya yi aiki a Ohio State, babbar kishiyar Michigan. Da ranar da aka ɗauke shi an auna shi da ma'aunin da ya kafa daga baya, da ko ƙofa bai shiga ba.

Sai kuma Nick Saban. Ɗan West Virginia ne, a Kent State ya yi wasa, ba abin da ya haɗa shi da Alabama. Wanda ya gada, Mike Shula, shi ne ɗan gida, tsohon ɗan wasan jami'ar, kuma sallamarsa aka yi. Saban ma ba shi aka fara miƙa wa aikin ba, sai da Rich Rodriguez ya ce a'a. A Disambar 2006 Saban yana kocin ƙungiyar ƙwararru ta Miami Dolphins ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi ba zai zama kocin Alabama ba. Makonni biyu bayan haka ya zama. Kakarsa ta farko Louisiana-Monroe, ƙaramar jami'a, ta zo har gida ta doke shi. Kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024 ya ciyo musu kambu 6, an yi masa mutum-mutumi a bakin filin, bayan tafiyarsa kuma aka sa wa filin wasan sunansa. Je ka Tuscaloosa, garin jami'ar, yau ka kira Saban baƙo ka ga abin da za a yi maka.

Dattijo ba kanwar lasa ba ne. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗaga yatsu biyu. Kirby Smart, tsohon ɗan wasan Georgia, ya dawo gida ya ci kambu a 2021 da 2022. Jim Harbaugh, wanda ya yi wasa a hannun Schembechler ɗin da nake yi wa dariya, ya ci wa Michigan kambu a kakar 2023. Shi kuwa Rodriguez, baƙon da Michigan ta ɗauka, wasa 15 ya ci a shekara uku, aka ci shi 22, aka raka shi ƙofa. Gaskiyarsa. Na rasa ta cewa, sai na ce a tashi kunnen doki.

Amma bayan ya tafi na zauna ina juya maganar, kuma ga inda na tsaya. Wannan abin da muke kira dacewa, wato koci ya dace da mu ko bai dace ba, suna ne da muke raɗawa bayan an ga sakamako. Wanda ya ci wasa, sai mu waiwaya mu gano ashe tun asali halinsa irin namu ne: zafin ransa ya zama kishi, rashin fara'arsa ya zama natsuwa. Wanda aka ci, sai mu tuna cewa dama tun ranar farko bai iya faɗin sunan garin daidai ba.

Su ma koci-kocin sun san da haka, shi ya sa suke aron riga. A ƙarshen 2021 Brian Kelly, haifaffen Massachusetts, ya bar Notre Dame ya koma LSU, jami'ar jihar Louisiana da ke kudu, kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 95. Kwanaki kaɗan bayan isarsa ya karɓi makirufo a wajen wasan ƙwallon kwando, sai ga harshensa ya karye ya koma na mutanen kudu. Mako guda ana yi masa dariya a ƙasar nan. Kayan aro ba ya rufe katara. Ni dai na ɗan tausaya masa, don duk wanda ya taɓa zama baƙo a wani gari ya san wannan jarabar ta son a ce ka zama nasu.

Kuma kada a ce surutun magoya baya ba ya tasiri. Ranar Lahadi 26 ga Nuwamban 2017 labari ya fita cewa Tennessee ta daidaita da Greg Schiano. Kafin dare ya yi, ɗalibai sun fito zanga-zanga, 'yan siyasar jihar sun sa baki, shafukan sada zumunta sun kama da wuta. Hujjar da aka riƙe ita ce an taɓa ambatar sunansa a wata shaida game da abin kunyar cin zarafin yara da ya faru a jami'ar Penn State, zargin da ya musanta kuma ba a taɓa gurfanar da shi a kai ba. Yarjejeniya ta rushe a ranar, cikin mako aka cire daraktan wasanni John Currie. Wanda aka ɗauka a madadin, Jeremy Pruitt, an kore shi a Janairun 2021 kan karya dokokin neman 'yan wasa. Har yau in ka tambayi mutum biyu 'yan Tennessee ko boren ya yi amfani, amsa biyu za ka samu.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa jami'a, wurin da aka gina don karatu, take yarda da wannan hauka. Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, washegarin da ƙungiyarsa ta ci wasa 51 da 10, da bashin sama da dala miliyan 75 a kanta. Kuɗin mutum ya zauna a gida ke nan. Amsar ba a fili na same ta ba, a falona na same ta.

'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare. Da muka zauna rubuta jami'o'in da za ta nema, sai na ga suna biyu da ban taɓa jin ta ambata ba. Na ce, “Mamana, ina kika samo waɗannan?” Ta ce, “Baba, ba ka ga wasansu ranar Asabar ba? Ka ga yadda ɗalibai suka cika wuri kuwa?” Ko dokokin wasan ba ta gama sani ba. Launi ta gani, da taron jama'a, da tambari. Ni da na zo ƙasar nan da sunan wani farfesa rubuce a takarda, sai na yi shiru.

Shugabannin jami'o'i sun riga ni ganewa. A Nuwamban 1984 Doug Flutie na Boston College ya wurga wata ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe suka doke Miami 47 da 45, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙaruwar masu neman gurbi da kan biyo bayan nasara a fili. Lokacin da Saban ya zo Alabama ɗalibanta kusan 25,000 ne. Lokacin da ya tafi sun haura 39,000, fiye da rabi daga wasu jihohi, waɗanda kuɗin makarantarsu ya ninka na 'yan jiha. Ba ƙwallo kaɗai ta kawo su ba, jami'ar ta zuba kuɗi wajen tallafin karatu da zawarcin ɗalibai, amma ƙwallon ce ta sa yaro a wata jiha mai nisa ya san sunan. Colorado kuwa ta yi abin a fili ba kunya. Wasa 1 ta ci a 2022, aka ci ta 11, sai ta ɗauko Deion Sanders da baƙin tabarau da malafarsa. Kakarsa ta farko wasa 4 kawai ya ci, amma duk tikitin wasannin gida ya ƙare, kyamarorin ƙasar nan suka tare a Boulder, garin jami'ar. Koci suka ɗauka ko allon talla? Duka biyu, kuma sun sani.

A nan ne rigimar koci take haɗuwa da rigimar riga da tambari, don tushensu ɗaya. Oregon, wadda Phil Knight mai kamfanin Nike ya yi karatu a cikinta, ta mayar da sauya kaya al'adarta, kusan kowane mako da sabon launi da sabon kwalkwali, kuma matasa suna so. Penn State ta riƙe akasin haka: farin kwalkwali, riga ba ado, ba sunan ɗan wasa a baya. Da aka sa sunaye a 2012 tsofaffin ɗalibai ba su huta ba, a 2015 aka cire. Ohio State kuwa har rajistar mallakar kalmar THE ta yi a 2022 don bugawa a riguna da huluna, kalmar da kowane mai jin Turanci yake furtawa sau ɗari a rana. Shekarun baya da jami'ar garinmu ta ɗan gyara harafin tambarinta, maƙwabcina ya rubuta wa shugabanta wasiƙa mai shafi uku. Ni sai da aka jera mini tsoho da sabo sannan na ga bambancin. Har yau tsohon ne a jikin motarsa.

Abin da ke damuna, kuma ban iya faɗa wa dattijo ba, shi ne ɗan gidan da yake nema ya zama kaya a kasuwa shi ma. Tun Yulin 2021 'yan wasa suna da damar karɓar kuɗi da sunansu, kuma suna iya sauya jami'a cikin sauƙi. Yaron da ya sa rigarmu bana, baɗi yana iya sa ta kishiyarmu. Koci yana rantsuwa yau, gobe jirgi ya ɗauke shi. Wanda ba ya zuwa ko'ina shi ne mutum irin maƙwabcina, mai kujera ɗaya shekara da shekaru. Ina ganin shi ya sa yake kafewa kan harafi da launi. Su kaɗai suka rage masa da ba sa neman ƙarin albashi.

Ranar Laraba aka sanar da sabon koci. Baƙo ne, daga can wani ɓangaren ƙasar, bai taɓa kwana a jihar nan ba. Ya fito gaban 'yan jarida da laktaye mai launin jami'a, ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan aiki, kamar yadda kowannensu yake cewa. Na leƙa ta taga ina jiran dattijo ya zo ya sauke mini fushi. Bai zo ba sai da yamma, kuma da murmushi ya shigo.

“Maƙwabci, ka ji abin da jikana ya binciko?” Na ce a'a. Ya matso, ya rage murya kamar mai ba da sirri. “Kakar matarsa 'yar jihar nan ce.”